Sabar imel ta kamfani: abin da ɗan kasuwa a Accra zai duba kafin ya biya

Yawancin cinikin da ake ƙullawa a Nima, Mamobi, Tudu da Abossey Okai a yau a kan WhatsApp yake tafiya, kuma hakan yana wadatarwa matuƙar harka ce tsakanin mutanen da suka san juna. Amma da zarar magana ta kai ga banki, ko kamfanin jiragen ruwa da ke sauke kaya a Tema, ko masana'anta a ƙasar Sin ko Turkiyya, sai a nemi adireshin imel, kuma a kan wannan adireshi ake fara auna kamfani tun kafin a karanta abin da ya rubuto. Shi ya sa masu fiton kaya, masu shigo da kayan gyaran mota, masu shirya tafiyar Umra da masu makarantun kuɗi suke barin adireshin kyauta, suna neman wanda ke ɗauke da sunan kamfaninsu. A nan ne ake kawo wa maigida takardar farashi mai jerin abubuwan da manhajar sabar imel ke iya yi, kuma duk wanda ya ajiye irin waɗannan takardu biyu ko uku kusa da juna zai ga kusan magana ɗaya suke yi. A ranar da komai ke tafiya daidai, mai amfani ba zai ga wani bambanci tsakanin manhaja mai tsada da ta kyauta ba. Bambancin yana fitowa ne ranar da aka ɗauke wuta, ko ma'aikaci ya yi fushi ya tafi, ko ɗan damfara ya ari sunan kamfani, ko aka yi jayayya a kan abin da aka rubuta bara, kuma da waɗannan ranaku ya kamata a auna kowane layi da ke cikin takardar.

Sabar imel kwamfuta ce da ke kunne dare da rana, tana karɓar wasiƙun kamfani, tana ajiye su, tana kuma fitar da waɗanda ma'aikata suka rubuta. Manhajarta ayyuka uku ne aka haɗa. Na farko shi ne jigilar wasiƙa daga saba zuwa saba bisa ƙa'idar SMTP, kuma fitattun masu wannan aiki su ne Postfix, wadda Wietse Venema ya fitar a 1998 lokacin yana aiki da IBM, da Exim, wadda Philip Hazel ya fara rubutawa a Jami'ar Cambridge a 1995. Na biyu shi ne ajiye wasiƙu da miƙa su ga wayar ma'aikaci ko kwamfutarsa bisa ƙa'idar IMAP ko POP3, inda Dovecot ta fi yaɗuwa. Na uku shi ne shafin da mutum ke buɗewa ya karanta ya rubuta, irin su Roundcube. Microsoft Exchange, wadda ta fito a 1996, da Zimbra sun tattara ayyukan uku a wuri ɗaya, su kuwa Google Workspace, Microsoft 365 da Zoho Mail haya ce kamfani ke yi a kan sabar wani, yana biya a kan kowane ma'aikaci duk wata. Amfanin sanin wannan rabo shi ne, idan wasiƙa ta ɓace, maigida zai iya tambayar a wane mataki ta ɓace, ba zai tsaya ga amsar cewa intanet ce ba ta da kyau ba.

Akwai wani rauni da aka gina imel da shi tun asali, kuma rabin abin da ake tallatawa a yau gyaran wannan rauni ne. Lokacin da Jon Postel ya rubuta ƙa'idar SMTP a 1982, masu amfani da hanyar galibi ma'aikatan jami'o'i ne da cibiyoyin bincike a Amurka waɗanda suka yarda da juna, saboda haka ba a sa wata hanyar tantance mai aikowa ba. Kowa yana iya rubuta kowane suna a gurbin mai aikowa, saba ta ɗauka ta kai. Har yanzu ƙa'idar haka take a gindinta, sai dai an ɗora mata hanyoyin shaida guda uku daga baya.

A zamanin fataucin goro, baƙon da ya sauka a Salaga ko zangon Kumasi ba ya samun bashi ko ciniki da bakinsa kaɗai, sai fatomansa ya tsaya masa ya ce wannan mutumina ne, na san inda ya fito. Irin wannan tsayawa ce SPF, DKIM da DMARC suke yi wa wasiƙa. Dukkansu ana rubuta su ne a rajistar sunaye ta intanet, DNS, ƙarƙashin domen na kamfani, wanda shi ne sashen adireshi da ke bayan alamar @. A SPF kamfani yana bayyana sabobin da ya yarje wa su aika wasiƙa da sunansa, ta yadda sabar da ke karɓa za ta duba ko wasiƙar daga ɗaya cikinsu ta fito. A DKIM sabar kamfani tana buga wa kowace wasiƙa hatimi na lissafi da wani mabuɗin sirri da ita kaɗai ke da shi, mai karɓa kuma ya gwada hatimin da mabuɗin da kamfani ya wallafa a fili, idan an taɓa wasiƙar a hanya hatimin ba zai dace ba. DMARC kuwa umarni ne ga masu karɓa a kan abin da za su yi da wasiƙar da ta faɗi gwajin: su bar ta ta wuce suna kawo rahoto, ko su jefa ta cikin wasiƙun banza, ko su ƙi karɓarta gaba ɗaya. Manhajar da ta dace da kamfani ita ce wadda ke buga hatimin DKIM da kanta a kan kowace wasiƙa, tana ba da damar canza mabuɗi ba tare da wahala ba, tana kuma yi wa wasiƙun da ke shigowa irin wannan gwaji.

Wannan ya daina zama zaɓi. Tun daga Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗa: duk mai aika wasiƙa zuwa Gmail sai yana da SPF ko DKIM, wanda kuma ke aika sama da 5,000 a rana sai ya haɗa duka ukun, kuma ga kowane mai aikawa, kada waɗanda ke kai ƙarar wasiƙunsa a matsayin na banza su kai kashi 0.3 cikin ɗari. Ƙaramin kamfani a Madina ba zai kai 5,000 ba, amma sharaɗin farko ya hau kansa. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a manta cewa ba sabar imel kaɗai ke aika wasiƙa da sunan kamfani ba. Manhajar lissafin kuɗi tana aika takardar neman biya, shafin kamfani yana aika amsa ga masu cike fom, makaranta tana da tsarin da ke tura sakamakon jarrabawa ga iyaye. Idan ba a sa waɗannan cikin SPF ba, kuma aka yi gaggawar ba DMARC umarnin ƙin karɓa, kamfani da hannunsa zai toshe wasiƙunsa. Hanya mai kyau ita ce a fara da matakin rahoto kawai na wasu makonni, a karanta rahotannin, a gano duk mai aikawa da sunan kamfani, sannan a tsaurara.

Sai dai kada a ɗauka waɗannan uku sun rufe ƙofar damfara, domin abin da suke hanawa shi ne a yi amfani da ainihin domen na kamfani ba da izini ba. Ba sa hana ɗan damfara ya yi rajistar wani suna mai kama da shi, a canza harafi ɗaya ko a ƙara ɗigo, kuma ba sa hana shi shiga akwatin ma'aikaci na gaskiya idan ya sami kalmar sirri. Damfarar da ta fi cin kuɗin 'yan kasuwa haka take tafiya: mutum ya shiga akwatin akanta ko na mai sayar da kaya a ƙasar waje, ya zauna shiru yana karanta yadda ake ciniki har ya san salon magana da lokacin biya, sannan a daidai ranar da za a tura kuɗin kwantena ya aiko da wasiƙa a cikin zaren hirar da ake yi, yana cewa an canza asusun banki. Wasiƙar za ta ci duk gwajin hatimi, domin daga akwatin gaskiya ta fito. Hukumar FBI ta Amurka ta ce ƙorafe-ƙorafen irin wannan damfara da ta karɓa a 2023 sun kai asarar kusan dala biliyan 2.9. Mai shigo da kayan mota da ke biyan masana'anta a gaba kafin a loda kaya yana cikin waɗanda abin ya fi shafa, saboda kuɗin da ya tafi ƙasar waje ta banki dawo da shi yana da wuya.

Abubuwan da ke tare wannan ba su cika samun manyan haruffa a takardar talla ba. Na farko shi ne tantancewa mai mataki biyu, inda bayan kalmar sirri sai an shigar da lambar da wayar mai akwatin ta fitar, kuma ya kamata manhaja ta ba mai kula da ita ikon tilasta wa kowa wannan, har da maigida, wanda galibi shi ne ke fara neman a cire masa. A nan akwai wani gibi da ya kamata a tambaya: wasu manhajoji suna neman lamba ta biyu a shafin karanta wasiƙa, amma suna barin tsohuwar hanyar IMAP a buɗe da kalmar sirri kaɗai, wanda ke nufin ɗan damfara zai bi ta can. Microsoft ta fara rufe wannan tsohuwar hanya a sabarta ta haya a Oktoban 2022 saboda wannan dalili. Bayan haka sai kundin da ke nuna daga wace ƙasa da wace na'ura aka shiga kowane akwati, da gargaɗi idan wani ya kafa dokar tura kwafin wasiƙu zuwa adireshin waje, domin wannan ce dabarar da ɓarawo ke fara yi idan ya shiga, da kuma alamar da ke bayyana a saman duk wasiƙar da ta zo daga wajen kamfani. Duk da haka babu manhajar da za ta maye gurbin dokar ofis mai sauƙi, cewa ba a canza asusun da ake biya sai an kira mutumin a lambar da aka riga aka sani an ji muryarsa.

Yanzu sai tambayar da matasan da suka karanci kwamfuta suka fi kawo wa iyayen gidansu, wato me zai hana a ajiye sabar a ofis tunda Postfix da Dovecot kyauta ne, kuma akwai irin su mailcow da iRedMail da suka haɗa komai. Girka su ba shi da wuya, aikin yini ɗaya ne ga wanda ya iya. Wahalar tana wajen sa manyan sabobin duniya su yarda da wasiƙar da ta fito daga gare ta. Kowace saba tana da lambar IP, wato adireshinta a intanet, kuma wannan lamba tana da tarihi. Ƙungiyoyi irin su Spamhaus suna riƙe da jerin lambobin da aka san suna fitar da wasiƙun banza, da kuma jerin lambobin intanet na gida da na waya waɗanda bai kamata su riƙa aika wasiƙa kai tsaye ba. Saba tana buƙatar lamba tsayayyiya wadda ba ta canzawa, tana buƙatar kamfanin intanet ya rubuta mata shaidar da ke mayar da lambar zuwa sunanta, tana kuma buƙatar ƙofa mai lamba 25, wadda sabobi ke miƙa wa juna wasiƙa ta cikinta, a buɗe, alhali kamfanonin intanet da yawa a duniya suna rufe ta ga masu layin gida. Akwati ɗaya da aka sace kalmar sirrinsa yana iya fitar da dubban wasiƙun banza cikin dare, da safe lambar kamfani ta shiga jerin, daga nan duk abin da aka aika sai ya dawo. Saboda haka ikon ƙayyade yawan wasiƙun da kowane akwati zai iya fitarwa a awa ɗaya yana cikin abubuwan da ba a sassauci a kansu.

Maganar wuta kuwa duk wanda ya yi kasuwanci a Accra a shekarar 2015, lokacin da dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ya yi tsanani, ya san ta. Abin da ke da daɗin ji shi ne imel yana da haƙuri. Idan saba ta mutu, wadda ke aikowa ba ta zubar da wasiƙar, tana ajiye ta a layin jira tana sake gwadawa, kuma ƙa'ida ta ce a ci gaba da gwaji na kwana huɗu zuwa biyar, Postfix ma kwana biyar take yi idan ba a canza mata ba. Saboda haka ɗauke wuta na awa shida ba ya ɓatar da wasiƙa, jinkirta ta yake yi. Amma ga mai fiton kaya da ke jiran takardar sakin kwantena daga kamfanin jirgi, jinkirin yini ɗaya kuɗi ne, tunda ana caji a kan kowace ranar da kwantena ta wuce wa'adinta a tasha. Haɗarin da ya fi wannan shi ne yanke wuta kwatsam yayin da saba ke rubutu a faifanta, wanda ke iya lalata ma'ajiyar wasiƙu. Mai son ajiye saba a ofis sai ya lissafa batir, inbata, janareta, na'urar sanyaya ɗaki da layin intanet na biyu, sannan ya nemi manhajar da ke yarda a kafa mata saba ta biyu a wani wuri wadda za ta karɓi wasiƙu idan ta farko ta yi shiru.

Masu haya a ƙasashen waje su ma sun ga tasu ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Kodebuwa, Ghana ta wayi gari intanet ɗinta ta yi rauni ƙwarai. Wasiƙun kamfanonin da ke haya a Turai ko Amurka sun ci gaba da sauka lafiya a sabobinsu, amma ma'aikata a Accra suna shan wahala kafin su kai gare su. Wanda sabarsa ke cikin gida kuwa ma'aikatansa suna iya rubuta wa juna, amma na waje ba sa samunsa da sauƙi. Babu ɓangaren da ya tsira gaba ɗaya. Abin da ke rage zafi a irin wannan rana shi ne manhajar waya ko kwamfuta da ke ajiye kwafin wasiƙun watannin baya a kan na'urar, ta yadda mutum zai iya buɗe takardar da aka aiko masa makon jiya ko da babu hanya.

Wannan ya kawo mu ga bambancin POP3 da IMAP, wanda ya fi shafar kamfani fiye da yadda ake zato. POP3 a tsarinta na asali tana sauke wasiƙa zuwa na'ura ɗaya ta goge ta daga saba, saboda haka idan an sace wayar sakatare a Circle ko kwamfutarsa ta ƙone, wasiƙun kamfani sun tafi. IMAP, wadda Mark Crispin ya ƙirƙiro a Stanford a 1986, tana barin wasiƙa a saba, kowace na'ura tana ganin abu ɗaya. Kamfani ba shi da dalilin barin POP3 a buɗe. Sai kuma batun tafiyar ma'aikaci, wanda a wurinmu yake da sarƙaƙiya, domin sau da yawa ma'aikacin ɗan uwa ne ko ɗan aboki, ba a son a nuna masa rashin yarda. Manhaja mai kyau tana sauƙaƙa wannan ta hanyar adireshin aiki, kamar na sashen kuɗi ko na ciniki, wanda mutane biyu ko uku ke gani tare kuma ba mallakar kowa ba ne. Idan mutum ya tafi, a rufe shigarsa cikin minti ɗaya, a mayar da akwatinsa ga wanda ya gaje shi, a kuma goge wasiƙun kamfani daga wayarsa daga nesa, abin da Exchange da masu bin tsarin ActiveSync ke iya yi. Abokin ciniki a Wagadugu ko Yamai zai ci gaba da rubutu zuwa adireshin da ya saba, ba zai bi tsohon ma'aikaci zuwa sabon wurinsa ba.

Ajiyar kwafi da taskar tarihi abubuwa biyu ne daban, ko da yake masu talla suna gwama su. Kwafi shi ne abin da za a dawo da shi idan faifai ya lalace ko wata cutar kwamfuta ta kulle bayanai ana neman kuɗin fansa, kuma ba shi da amfani idan a ɗaki ɗaya yake da sabar, ko idan ba a taɓa gwada dawo da shi ba. Taska kuwa ita ce ajiye kowace wasiƙa da ta shiga ko ta fita a wurin da ma'aikaci ba zai iya gogewa ba, ko da ya goge ta daga akwatinsa. Dokar Gudanar da Haraji ta 2016, mai lamba 915, ta wajabta ajiye takardun kasuwanci na aƙalla shekara shida, kuma yau takardun biya da yawa ta imel kaɗai suke zuwa. Dokar Mu'amalar Lantarki ta 2008, mai lamba 772, ta amince da rubutun lantarki a matsayin shaida, saboda haka wasiƙar da aka adana da cikakken bayanin hanyar da ta bi tana da nauyi a ranar jayayya fiye da hoton allon waya. A ɗaya gefen kuma Dokar Kare Bayanai ta 2012, mai lamba 843, ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan mutane nauyin kare su da yin rajista da Hukumar Kare Bayanai. Kamfanin shirya Umra da akwatinsa ke cike da hotunan fasfo na ɗaruruwan mutane ya kamata ya nemi manhajar da ke iya goge irin waɗannan bayan wa'adin da aka ɗiba, domin ajiye komai har abada shi ma haɗari ne.

Tace wasiƙun banza kowace manhaja tana yi, da SpamAssassin ko Rspamd a tsarin kyauta, da ClamAV don duba takardun da aka maƙala. Abin dubawa kawai shi ne ko ma'aikaci yana iya ganin abin da aka tsare ya saki na gaskiya da kansa, domin sabon abokin ciniki da ya rubuto da Faransanci daga ƙaramar saba a Bamako yana iya faɗawa ciki. Kalanda, littafin adireshi da kiran bidiyo suna da amfani, amma ba a kansu ake zaɓar saba ba.

Game da sirri, abin da ake nufi idan aka ce wasiƙa a kulle take galibi shi ne TLS, wanda ke hana mai leƙe a hanya karanta ta tsakanin waya da saba ko tsakanin saba da saba. Takardar shaidar da wannan ke buƙata ana samun ta kyauta daga Let's Encrypt, kuma da yake wa'adinta gajere ne, dole manhaja ta riƙa sabunta ta da kanta. Abin da ba a cika faɗa wa maigida ba shi ne cewa idan wasiƙa ta sauka, mai kula da saba yana iya karanta ta. Yaron da aka ba mabuɗin saba yana da hanyar ganin wasiƙun maigida da banki, da albashin kowa, da maganar gado idan ta bi ta nan. Saboda haka a nemi manhajar da ke rubuta duk abin da mai kula ya yi a kundin da shi kansa ba zai iya gogewa ba, wadda kuma ke raba iko, ta yadda wanda ke buɗe wa sabon ma'aikaci akwati ba lalle ya iya buɗe akwatin wani ba.

Sabar imel ba ta iya ɓuya, tilas ƙofarta ta kasance a buɗe ga duniya, saboda haka duk ramin da aka gano a manhajarta ana fara gwada shi a kanta cikin kwanaki. A Maris 2021 Microsoft ta fitar da gyaran gaggawa ga Exchange bayan an gano maharan suna amfani da wasu ramuka, kuma dubun-dubatar ƙungiyoyi masu ajiye sabar a ofisoshinsu ne aka kutsa wa, alhali masu haya a sabar Microsoft abin bai shafe su ba. Exchange 2016 da 2019 kuma wa'adin tallafinsu ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Duk wanda aka kawo masa tayin girka ɗaya daga cikinsu da araha, balle kwafin da ba a biya lasisinsa ba, ya san abin da yake saye.

A ganina kamfanin da ba shi da ma'aikacin kwamfuta na dindindin, kuma mafi yawan namu haka suke, haya ta fi masa, ko da yake tana da nata ciwon. Farashin manyan kamfanonin haya yana bin dala, kuma wanda ya ga sidi ta tashi daga kusan 6 a kan dala a farkon 2022 zuwa sama da 14 a Nuwamban shekarar ya san yadda kuɗin wata ke ninkawa ba tare da an ƙara masa komai ba. Ana rage wannan ta hanyar biyan akwati ga masu buƙata kaɗai, sauran adireshi a mayar da su laƙabi da ke zubawa cikin akwatin da ake da shi, tunda galibi ba a cajin laƙabi. Imel ɗin da ke zuwa tare da hayar shafin intanet shi ne mafi araha, sai dai kamfani yana raba lambar IP da wasu da bai sani ba, laifin ɗaya yana iya shafar kowa. Ajiye saba ta kai tana da ma'ana ga babbar makaranta, asibiti ko kamfani mai ma'aikata da yawa, inda kuɗin kowane kai ya taru ya fi albashin ƙwararru biyu, kuma na ce biyu ne saboda mutum ɗaya yana rashin lafiya, yana kuma tafiya Hajji.

Kowace hanya aka bi, domen ne abin da ya kamata maigida ya riƙe da hannunsa, ko mai ƙarewa da .com ne ko .com.gh na gida. Manhaja ana canza ta, amma wanda sunansa ke kan rajistar domen shi ke da ikon juya duk wasiƙun kamfani zuwa inda ya so, ta hanyar canza layi ɗaya da ake kira MX. Sau da yawa wanda ya gina wa kamfani shafi shi ke yin rajistar da sunansa da imel ɗinsa, ba da mugun nufi ba, sai a wayi gari ya bar ƙasar ko an ɓata da shi, wa'adin shekara ya cika ba a sabunta ba, wasiƙu su tsaya, wani ma yana iya saye sunan. Rajista ta kasance da sunan kamfani, adireshin tuntuɓa kuma ya kasance wanda ba ya ƙarƙashin wannan domen ɗin, don kada gargaɗin ƙarewar wa'adi ya tafi akwatin da ya riga ya mutu. Kafin a sa hannu da kowane mai haya a tambaye shi yadda ake fitar da wasiƙu gaba ɗaya idan za a tashi, ko ta IMAP ko a fayil irin mbox ko PST. Ranar ƙaura kuma a fara kwashe tsofaffin wasiƙu zuwa sabuwar saba, a rage wa'adin da sauran sabobi ke riƙe tsohon bayanin DNS tun kwana ɗaya ko biyu kafin lokaci, a canza MX da SPF da DKIM a daren Juma'a ko Asabar, sannan a bar tsohuwar saba a kunne na mako guda domin kwashe wasiƙun da suka makara suka sauka a can.